Ƙaramin obin na lantarki da kish ɗin alayyahu: abin da na gani a shekara guda

Kish, wato haɗin ƙwai da madara da ake gasawa a cikin ɓawon fulawa, na fara cin sa ne a hannun Innata, ƙanwar mahaifiyata da ke aure a Yamai. Ta zo sunan ƙanwata cikin hunturun farkon 2024, ta sauka a gidana a unguwar Arkilla, cikin Sakkwato. A kwana na huɗu, da kowa ya ƙoshi da shinkafa da soyayyen naman suna, ta aiki yaro kasuwar Ramin Kura ya sawo mata alayyahu ɗauri uku da albasa. Ba mu da obin a lokacin. Yashi ta zuba a gindin babbar tukunyar biki, ta ɗora kan gawayi, ta saka kwanon a ciki, ta kife murfi ta barbaza garwashi a kai. Abin da ya fito bayan awa guda ban taɓa cin irinsa ba: ɓawon fulawa mai ɗan gishiri da ke rugujewa a baki, cikinsa ƙwai da madara sun kama jikinsu lukui, ganye ya ratsa ko'ina kore shar. Autata, wadda ko ganyen miya ta gani a cokali sai ta tsince shi gefe, ta cinye yanka biyu ta sake miƙo faranti.

Tun daga ranar nake gwadawa a tukunya. Wata rana ya yi kyau, wata rana gindin ya ƙone, wata rana toka ta zubo ciki garin ɗaga murfi. Shi ya sa da ɗaukar adashina ta zo a watan Disamba na 2024 ban yi shawara da kowa ba, na nufi layin masu kayan wuta a Babbar Kasuwa na sayi ƙaramin obin na lantarki, irin wanda ake ɗorawa kan tebur. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Irinsu sun cika kasuwa, jiki iri ɗaya, tambari ne kawai ke bambanta, kuma na tabbata abin da zan faɗa ya shafi da yawa daga cikinsu.

Nawa mai lita 45 ne, yana jan wat 1,800 kamar yadda aka rubuta a bayansa. Maɓallai uku gare shi: na zafi da ke kaiwa digiri 250, na zaɓen wuta (sama, ƙasa, ko duka biyu), da na lokaci mai minti 60 wanda ke buga ƙararrawa ya kashe kansa. An haɗo shi da tire ɗaya, ragar ƙarfe ɗaya, da ƙarfen juya kaza wanda har yau ban taɓa sa shi ba. Kuɗinsa ya kai na buhun shinkafa da ɗan ƙari. Mai shagon ya jona shi a gabana, muka ga ƙarafunan wutar sun yi ja, ya ce, "Hajiya, wanga shi ne na masu kek, ba ki nadama." Ban yi nadama ba. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata a ce wani ya gaya mini tun ranar, kuma su ne dalilin wannan rubutu.

Kish ɗina na farko a cikinsa ya ba ni takaici sosai. Na murɗa zafi zuwa 180, na jira ƙaramar fitilar ta mutu, na saka a tsakiya. Cikin minti 25 samansa ya yi ja har da baƙi-baƙi a gefe, ƙamshi ya cika gida, maigida ya leƙo yana tambayar ko an gama. Da na yanka sai wuƙa ta fito da ɗanyen kwaɓi. Gindin fari fat, ya jiƙe, yana danƙo kamar ba a taɓa nuna masa wuta ba. Ƙwai huɗu, madara gwangwani biyu, bota ta gaske da na saya da tsada, duk sun tafi. Na kira Inna a waya, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗiyata, a tukunya wuta daga ƙasa take zuwa. Bincika ki ga daga ina take zuwa a wanga abin naki."

Maganarta ce ta sa na sayi ma'aunin zafi na cikin obin, ɗan ƙaramin agogon ƙarfe mai ƙugiya da ake ratayawa a raga. Ga abin da ya nuna mini. Lokacin da fitilar ke mutuwa, wato obin na cewa ya kai 180, allurar ma'aunin tana wajen 150 ne a tsakiya. Sai an ba shi minti 20 cur kafin ya kai inda aka ce. Bayan ya kai kuma ba ya tsayawa wuri guda, yana hawa yana sauka yayin da wutar ke kamawa tana saki. Abin da ya fi muhimmanci, wutar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma da yake akwatin ƙarami ne, abinci yana kusa da ita ƙwarai. Kek ɗin kofi ko biskit ba za su tona wannan ba, domin sirara ne, suna gasuwa da wuri. Kish kuwa ruwa ne a cikin kwanon fulawa. Yana son ƙasa ta gasu ƙarau, sama kuma a bi ta a hankali, ga shi obin ɗin akasin haka yake yi. Duk mai son sanin gaskiyar obin ɗinta ta gwada shi da kish.

Na ɗauki kusan wata biyu kafin na gano kansa. Yanzu ga yadda muke zaune lafiya. Ina kunna shi minti 20 kafin in buƙace shi, da tiren a ciki a matakin can ƙasa, domin tiren ya ɗauki zafi. A kan wannan tire mai zafi nake ɗora kwanon, ba a kan raga ba. Ɓawon kuma sai na gasa shi shi kaɗai tukuna: in shimfiɗa kwaɓin a kwano, in tsattsaga gindin da cokali mai yatsu, in rufe da takardar gashi, in cika da ɗanyen wake don kada ya kumbura, in ba shi minti 15 da wutar ƙasa kaɗai a digiri 190 na ma'aunina. Sai in kwashe waken, in shafa masa ɗan ruwan ƙwai, in mayar minti 5. Wannan ƙwan yana bushewa ya zama kamar fenti, ya hana madara ratsa fulawa. Waken nan a kwalba nake ajiye shi, shi nake ta maimaitawa tun bara, tunda ba ya sake dafuwa.

Kwaɓin kansa ba obin ke ba da wahalarsa ba, garinmu ne. Awonsa mai sauƙi: fulawa giram 200, bota giram 100, gishiri kaɗan, ruwan sanyi cokali 2 zuwa 3. Ana murza botar cikin fulawa da kan yatsu har ta zama kamar tsakin dambu, a yayyafa ruwa a haɗe ba tare da an cuɗa ba. Sirrinsa shi ne botar ta shiga wuta tana da sauran tauri, domin ƙananan gutsattsarinta ne ke sa ɓawon ya yi rugu-rugu. To bota tana narkewa ne tsakanin digiri 32 da 35, mu kuma a Sakkwato cikin Afrilu zafi na wuce 40. Kafin ki gama aunawa ta zama mai. Cikin bazara bayan sallar asuba nake kwaɓawa, in sa fulawar da kwanon a firji tun dare, in kuma murza da kwalbar da na cika da ruwan sanyi maimakon katako. A hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Janairu, kwaɓin yana bin hannu yadda ake so. Na gwada botar da muke cincin da ita, ta fi jure zafi kuma ta fi araha, ɓawon yana fitowa daidai amma ƙamshin ba ɗaya ba. Na gwada ɗanyen man shanu na 'yan Fulani da na daskarar a firji, ya ba da ƙamshin da maigida ya fi so, sai dai yana da ruwa, don haka ake rage ruwan kwaɓi. Soyayyen man shanu bai yi ba, ɓawon wargajewa yake tun wajen shimfiɗawa.

Wata ɗalibata ta taɓa tambayata daga ina abincin ya fito, na ga ya dace a sani. Faransawa suna rubuta shi quiche, suna furta shi kish. Asalinsa yankin Lorraine ne a arewa maso gabashin Faransa, kan iyaka da Jamus, kuma sunan ma daga kalmar Jamusanci ta kek ya samo tushe. Na asalin, wanda ake kira da sunan yankin, da naman alade ake yin sa, saboda haka duk wanda ya yi tafiya ya gan shi a gidan abinci ya tambaya kafin ya ci. Mai alayyahu shi suke dangantawa da birnin Fulorens na Italiya, kamar yadda suke yi wa yawancin girkin da aka sa wa wannan ganye. Ta hanyar Faransawa ya shigo Nijar, ta hanyar Nijar ya shigo kicin ɗina. Wani abu da ya kwantar mini da hankali shi ne na Lorraine na gargajiya ba a sa masa cuku ko kaɗan. Ƙwai ne da kirim. Don haka wadda ba ta samu cuku ba kada ta ɗauka nata bai cika ba.

Ganyen ma akwai magana. Abin da Turawa ke sa wa nasu ba alayyahunmu ba ne. Nasu wani tsiro ne daban da ya samo asali daga Farisa, Iran ta yau, mai son sanyi, wanda da zafi ya taɓa shi sai ya yi fure ya daina ganye. Namu ɗan rana ne, a fadamun bakin kogin Rima irin su Kwalkwalawa yana fitowa ba ruwansa da zafi. Ni dai na fi son namu a kish. Ya fi kauri, ba ya narkewa ya ɓace cikin ƙwai, ana jin sa a baki. Amma dukansu ruwa ne cike, kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsu, kuma wannan ruwan shi ne babban abokin gabar ɓawo. Ina tsinke ganyen zalla in bar kara, in wanke sau uku saboda yashi, in tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya, in tsame in zuba a ruwan sanyi don korensa ya tsaya. Sai matsa. Ina dunƙule shi a tsaftataccen ƙyalle in murɗa har hannuna ya gaji. Ɗauri uku manya suna komawa dunƙule biyu da ba su fi ƙwallon fura ba, ruwan da ke fita kuwa ya kusa cika kofi. In ba a matse ba, duk ruwan nan a gindin kish zai kwanta, ko da wane irin obin aka gasa.

Albasa nake fara soyawa a ɗan mai da wuta kaɗan har ta yi laushi ta fara zaƙi, manya uku, jar albasarmu ta nan wadda ba sai an je nesa nemanta ba, da tafarnuwa ƙwaya uku. In zuba alayyahun da na yanka, in juya minti biyu, gishiri, masoro, ɗan gyaɗar ƙamshi a kan wuƙa, da attarugu rabi domin a gidana abinci marar yaji ba ya ƙarewa. A bar shi ya huce sarai. Ruwan haɗin kuwa awonsa ƙwai ɗaya ga madara rabin kofi, wato wajen mililita 120. Kwanona mai faɗin santimita 23 yana ɗaukar ƙwai uku da madara kofi ɗaya da rabi. Kirim ba kullum ake samunsa a nan ba, madarar gwangwani nake sawa ba tare da na tsinka ta da ruwa ba, wani lokaci in ƙara cokali biyu na kindirmo mai kauri. Cukun Nijar da ake kawowa ta Illela na gwada shi sau biyu. Ba ya narkewa, busasshe ne, amma in an daka shi an barbaɗa a kai yana ba da ɗanɗano mai daɗi.

A mataki na ƙarshe, bayan na zuba ganyen da ruwan haɗin a cikin ɓawon, nan ne obin ɗin ke nuna amfaninsa. Ina rage zafi zuwa 170, wuta sama da ƙasa, kwano a matakin ƙasa, minti 30 zuwa 35. Ƙofarsa gilashi ce kuma akwai fitila a ciki, ina iya durƙusawa in kalli gefen yana tasowa a hankali, tsakiyar tana sauya launi daga fari zuwa ruwan ƙwai, ba tare da na buɗe zafi ya fita ba. Wanda ya taɓa ɗaga murfi mai garwashi don ya leƙa zai san darajar wannan. In na ga bakin ɓawon na neman yin duhu sai in yafa masa takardar foyil. Ina fitarwa ne tsakiyar tana ɗan rawa kaɗan in an girgiza kwanon, domin zafin jikinsa zai ƙarasa ta. In aka jira ta daskare a ciki, ƙwan ya wuce, zai yi ramuka ya tsatso ruwa. Minti 15 yake hutawa kafin wuƙa ta taɓa shi.

Sai maganar wuta, wadda ba laifin obin ba ce amma dole mai saye ta lissafa da ita. Daga kunnawa zuwa fitarwa kish yana cin awa ɗaya da kwata, mitarmu ta kati kuma tana nuna an sha kusan yunit biyu. Wannan ba yawa. Matsalar ita ce samun awa ɗaya da kwata a jere. Ƙaramin janaretanmu ba ya ɗaukarsa, ko wat 1,000 bai kai ba. Solar gidan ta fitilu da fanka ce, inbata tana kuka da zarar an jona. Ranar wata Alhamis cikin azumi, saura minti 20 kish ya nuna aka ɗauke wuta, ga baƙi za su sha ruwa a wurinmu. Ban buɗe ƙofar ba. Na hura gawayi da sauri, na zuba yashi a tukunyar Inna, sai da ta yi zafi na ɗauke kwanon na ƙarasa a can. Ya fito, ko da yake samansa bai yi ja yadda nake so ba. Tun daga nan duk ranar da zan gasa, tukunya da yashi suna gefe a shirye.

Wasu ƙananan abubuwa da ban ji daɗinsu ba: wayarsa gajera ce ƙwarai, sai da muka kira mai gyaran wuta ya sa mana soket kusa da teburin, domin wayar ƙari ta roba da na fara amfani da ita ta yi zafi har ta fara wari. Kada a yi wasa da wannan. Jikinsa na waje yana ɗaukar zafin da zai ƙona hannun yaro, samansa ma ya taɓa narkar mini da murfin roba, saboda haka a ɗora shi inda yara ba sa kaiwa, a bar tazara tsakaninsa da bango. Tiren da aka haɗo da shi siriri ne, yana lanƙwashewa da ƙara in ya yi zafi, har ya taɓa karkatar da kwano madara ta zube gefe guda. Na koma shagon na faɗa wa mai shi. Ya saurare ni da mutunci, ya ce, "Hajiya, haka suke zuwa daga kamfani," ba shi da wani tiren. Maƙerin farin ƙarfe na kai wa awo ya yanko mini mai kauri, shi nake amfani da shi yanzu, kuma ya fi riƙe zafi, gindin kish ya ƙara kyau. Lambobin da ke jikin maɓallin zafi sun fara gogewa bayan wata takwas, na sa alama da jan farce a inda ma'aunina ke nuna 170 da 190.

Abin yabo kuma a faɗe shi. Shekara guda ina kunna shi aƙalla sau biyu a mako, ya ga ƙurar hunturu, ya ga zafin bazara, ya ga wutar da ke zuwa da ƙarfi ta koma da rauni, bai taɓa tsayawa ba. Ƙararrawar da ke kashe shi ta cece ni ba sau ɗaya ba, ranakun da na shagala da duba littattafan ɗalibai. Goge shi ba wuya, farantin ƙasa yana zarewa. Ba hayaƙi, ba toka, ba zaman fifita a rana.

Wadda gidanta ke da mutum goma sha biyar, ko mai gasa na sayarwa, wannan ba nata ba ne. Kwano ɗaya yake ɗauka a lokaci guda in ana son ya gasu daidai, kwano ɗaya kuma yanka takwas ne. Ita ta nemi babba mai gas. Wadda unguwarsu ba a samun wutar awa biyu a jere, ita ma gas ɗin ya fi mata. Amma mai ƙaramin gida irin nawa, mu shida, da ke da ɗan tabbacin wuta da safe ko da dare, ina ganin kuɗinta ba zai tafi a banza ba, muddin ta haɗa da ma'aunin zafi tun ranar saye, ta kuma sa a yi mata tire mai kauri. In za ki saya, ki sa a jona a gabanki a murɗa wutar ƙasa ita kaɗai, ki duba ƙarafunan biyu na ƙasa sun yi ja daga wannan baki zuwa wancan. Ki tafi da kwanonki ma ki gwada ya shiga ƙofar ta rufu.

Inna ta sake zuwa da babbar sallar da ta wuce. Na yi mata kish da safe ban gaya mata ba. Ta ɗauki yanka ta juya shi ta dubi gindin, ta ƙwanƙwasa da farce, ya yi ƙara. Ta ci, ta ce gishirin ya ɗan yi kaɗan, in kuma ƙara albasa ɗaya. Na ƙara, kuma yanzu da uku nake yi.